LIMAMIN SOJA DA KARAN SIGARI: Darasi a Kan Taimaka wa Mazan Jiya Su Bar Shan Taba

A zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918, an yi wani limamin Kirista a rundunar sojan Ingila, ana ce da shi Geoffrey Studdert Kennedy. Sa'ad da aka kai shi Faransa, ya fara aiki ne a tashar jirgin ƙasa ta birnin Rouen, inda ake ɗibar samari ana kai su bakin daga. Yakan bi tarago-tarago yana raba musu littattafan addini, haɗe da wani sigari mai araha da ake kira Woodbine. Har a fagen fama ma, in ya tarar da soja kwance cikin jini, sai ya durƙusa kusa da shi, ya kunna masa kara ɗaya, ya yi masa addu'a. Saboda haka sojoji suka laƙaba masa suna Woodbine Willie, sunan kuwa ya bi shi har kabari. A 1917 aka ba shi lambar jaruntaka, saboda kutsawa da ya yi cikin ruwan harsashi don taimakon waɗanda aka raunata a Messines. Shi kansa mashayin taba ne, ga shi kuma da ciwon asma. Ya rasu a 1929, yana da shekara 45 kacal.

Ba shi kaɗai ya yi haka ba. Ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA, wadda kafin yaƙin take hani da sigari, ita ma ta shiga raba shi ga dakarun Amurka, haka kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross. Ba mu kawo labarin nan don a zarge su ba, gama a wancan lokaci likitoci ba su riga sun tabbatar da ɓarnar taba ba. Mun kawo shi ne domin wannan limami ya gane wani abu da har yau yake da amfani. Karan sigarin nan sallama ce kawai. Abin da sojan yake bukata shi ne mutumin da zai zauna kusa da shi a lokacin da tsoro ya rufe shi. Yau mun san cewa sallamar nan guba ce. To, ashe aikin limamin soja na wannan zamani shi ne ya riƙe zaman, ya taimaka a yar da karan.

A cikin wannan darasi, in mun ce limamin soja muna nufin duk malamin addinin da aka ɗauka aiki domin kula da ibadar sojoji da iyalansu, ko limamin masallaci ne, ko fasto, ko fada na Katolika.

YADDA SOJA DA TABA SUKA SABA

Kowa ya san rayuwar soja jira ne mai tsawo, sa'an nan tashin hankali na farat ɗaya. Ga gadin dare, ga sanyi, ga yunwa, ga kewar gida. Taba tana rage jin yunwa, tana korar gyangyaɗi, kuma ita ce abin da biyu za su raba su zama abokai. Hukumomin soja sun lura da haka tun da wuri, sai suka mai da ita wani ɓangare na guzuri. A Yaƙin Duniya na Biyu, ƙunshin abincin da ake bai wa sojan Amurka yana ɗauke da 'yan karan sigari a ciki, kamar yadda yake ɗauke da sukari da gishiri. Ba a daina sa shi cikin guzurin nan ba sai a 1975, watau shekara 11 bayan babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da rahotonsa na Janairun 1964 wanda ya bayyana cewa sigari yana haddasa sankarar huhu.

Mu ma a ƙasar nan muna da namu rabon. Kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a dazuzzukan Bama a ƙarƙashin tutar Ingila, a zamanin da sigari ya zama abin yau da kullum ga soja. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 da 'yan kai ba ta kumbura har ta kai kimanin 250,000. Daga baya aka yi Laberiya tun daga 1990, aka yi Saliyo, sa'an nan ga fafatawar Arewa maso Gabas tun daga 2009. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sallamo maza zuwa gida. Wasu sun dawo da tabon harsashi, wasu da tabon da ido ba ya gani, da yawa kuma sun dawo da kwalin sigari a aljihu. An karɓi bindiga, an karɓi kaki, amma jarabar taba babu wanda ya karɓe ta a bakin ƙofar bariki.

ABIN DA BINCIKE YA TABBATAR

A 1950 waɗansu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka nuna dangantakar sigari da sankarar huhu. Daga 1951 suka shiga bin diddigin lafiyar dubban likitocin ƙasarsu, aikin da ya ɗauki shekara 50. Abin sha'awa kuma, mazan jiya su kansu suna cikin manyan shaidun wannan al'amari. A 1954 wani masani mai suna Harold Dorn ya fara bin lafiyar tsofaffin sojojin Amurka fiye da 200,000, aka kuwa ga cewa mashaya a cikinsu suna riga waɗanda ba sa sha mutuwa, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da sauransu. Mutanen da suka tsira daga bakin igwa, ga shi ɗan kara mai tsawon yatsa yana kwashe su ɗaya bayan ɗaya.

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga ciki an san suna jawo sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu kuwa ba sa sha, shaƙar hayaƙin wasu kawai suke yi. A nan gida, binciken da aka gudanar a 2012 ya nuna baligai kimanin miliyan 4.5 suna amfani da taba ta wata siga, ko ta busawa, ko ta shaƙawa, ko ta cusawa a baki.

Amma ga abin da ya kamata kowane limami ya haddace, domin shi ne amsar maganar da zai fi ji. Tsohon soja yakan ce, "Ai ni na riga na tsufa, me ya rage?" Sakamakon binciken likitocin Ingila da aka buga a 2004 ya nuna cewa mashayi yana asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya bari yana da shekara 30 yakan ceto kusan dukkan goman nan. Wanda ya bari yana da 40 yakan ceto kimanin 9, mai 50 kimanin 6, mai 60 kuma kimanin 3. Shekara uku ba wasa ba ce ga wanda yake so ya ga auren jikarsa. Ban da haka, amfanin yana farawa nan da nan. Cikin minti 20 bugun zuciya yakan fara saukowa. Cikin sa'a 12 iskar nan mai guba da hayaƙi yake cusawa cikin jini takan koma daidai. Bayan shekara guda, ƙarin haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi.

ME YA SA BARIN TABA YA FI WA TSOHON SOJA WUYA?

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin wanda bai fahimci wannan ba zai ɓata aikin tun daga ranar farko.

A cikin taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin. In mutum ya zuƙa, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa mutum ya ji wani ɗan daɗi da natsuwa. Amma ba ya daɗewa a jini. Bayan sa'a biyu rabinsa ya tafi, sai jiki ya shiga nema: rai ya ɓaci, hankali ya rabu, mutum ya ƙagu. Da ya kunna wani karan sai ya ji sauƙi, ya ce taba ta kwantar masa da hankali. Alhali kuwa damuwar da ta kwantar ɗin, ita ce ta tayar da ita tun farko. Kamar mai bin bashi ne da yake zuwa ƙofar gida kowace sa'a biyu. In an biya shi ya tafi, sai a ce mutumin kirki ne don ya bar gida lafiya.

Wannan ya shafi kowane mashayi. Amma tsohon soja yana iya ɗauke da wani kaya a kan wannan. Akwai wani ciwo da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, wanda za mu kira firgicin bayan yaƙi. Mai shi yakan yi mugun mafarki, ya farka cikin gumi. Ƙarar tayar mota da ta fashe takan jefa shi ƙasa. Ba ya son taro, ba ya zama ya bai wa ƙofa baya, kuma abu kaɗan ya fusata shi. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa masu wannan ciwo sun fi sauran jama'a shan taba nesa ba kusa ba, sun fi zuƙa da yawa, kuma sun fi saurin komawa in sun bari. Dalili a fili yake. In ya farka da ƙarfe biyun dare, matarsa tana barci, abokan da suka san abin da ya gani sun warwatsu ko sun mutu, wa zai yi hira da shi? Sai kwalin da ke ƙarƙashin matashi.

Akwai kuma rauni na uku, wanda wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Jonathan Shay, da ya daɗe yana jinyar mazan jiyan yaƙin Biyetnam, ya ja hankalin duniya a kansa. Shi ne raunin lamiri. Mutum ya aikata abu, ko ya gani ya kasa hanawa, ko kuma wanda ya amince wa ya yashe shi, sai abin ya zauna masa a zuci. Wani yakan tambayi kansa don me ya rayu, abokinsa da ke gefensa ya mutu. Irin wannan mutum in aka ce masa taba za ta kashe shi, a ransa yana iya cewa to sai me. Ba jahilci ke damunsa ba. Yana ganin kansa bai cancanci a cece shi ba. Wannan kuwa ba magana ce ta allura ko ƙwaya ba. Magana ce ta laifi da tuba da gafara, kuma wannan fagen malamin addini ne tun fil azal.

Kada a ɗauka kowane tsohon soja haka yake. Da yawa sabo ne kawai ya riƙe su. Amma limami ba zai san wanda ke gabansa ba sai ya saurara.

ABIN DA LIMAMI YA MALLAKA

A rundunar sojan Nijeriya akwai sassa uku na addini: na harkokin Musulunci, na limaman Furotesta, da na limaman Katolika. Shugabanninsu hafsoshi ne masu muƙami, suna sa kaki, ana kuma tura su inda aka tura dakaru. Bisa Yarjejeniyar Janiba ta 1949, limamin soja ba mayaƙi ba ne, kariya ce ta wajaba a gare shi kamar ta likita. Saboda haka matsayinsa dabam yake: na ciki ne, ya san yaren bariki, ya kwana a rami ɗaya da su, amma ba shi ne mai ba da umarnin harbi ba. Shi ya ɗaura aure, shi ya raɗa suna, shi ya binne abokai.

Soja an hore shi ya ɓoye rauni. Yana gudun a ce ya je wurin likitan ƙwaƙwalwa, kada a ce ya taɓu. Amma babu wanda zai yi masa kallon banza don an gan shi zaune da liman bayan sallar Isha'i, ko da fada bayan sujada. A rundunar Amurka ma doka ce ta kare sirrin abin da soja ya faɗa wa limami. Hukumar kula da mazan jiya ta ƙasar kuwa ta kafa sashen limamai a asibitocinta tun 1945, ana lissafa su cikin ma'aikatan jinya, suna zaga ɗakunan marasa lafiya tare da likitoci.

Shin amana tana da wani tasiri da za a iya aunawa? Akwai binciken da ya ba da haske. A 2010 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a asibitoci 10 na mazan jiyan Amurka, a kan mutum 943 masu firgicin bayan yaƙi kuma mashaya. Rabinsu aka aika su ɗakin shan magani na barin taba, wurin ma'aikatan da ba su sani ba. Rabi kuma aka bar su a hannun wanda ya saba duba ciwon firgicinsu, shi ya haɗa musu da taimakon barin taba. A rukunin farko, kashi 4.5 cikin ɗari ne suka daure tsawon shekara ba su sha ba. A rukuni na biyu, kashi 8.9. Watau ninki biyu. Waɗanda suka yi aikin nan ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ne, ba limamai ba. Amma abin da ya bambanta rukunan biyu shi ne taimako ya fito daga bakin da aka riga aka sani, a wurin da aka riga aka saba zuwa, kuma aka yi ta bibiya. Wannan dukiya kuwa limami yana da ita. A lura kuma da ƙanƙantar adadin: ko a rukunin da ya fi nasara, ba a kai mutum 10 cikin 100 ba. Duk wanda ya shiga aikin nan da tsammanin sa'a ɗaya, gwiwarsa za ta yi sanyi.

WA'AZI KAƊAI BA YA ISA

Malaman addini sun daɗe suna magana a kan taba. Malaman Musulunci sun yi saɓani a kanta tun farkon shigowarta, amma da hujjojin likitoci suka bayyana, da yawa suka tsananta. A shekarar 2000 Muftin Masar, Nasr Farid Wasil, ya ba da fatawar haramta ta. Ikilisiyoyi da dama su ma suna hani da ita. Addinan biyu sun haɗu a kan cewa jiki amana ne, kuma cutar da kai ko da maƙwabci ba halal ba ne. Kusan kowane mashayi ya san wannan. Da sani yana isa, da tuni an gama.

An gwada a birnin Daka na ƙasar Bangaladesh. Aka horar da limamai a masallatai, suka yi ta wa'azi a kan illar busa hayaƙi cikin gida, aka kuma auna iskar ɗakunan jama'a kafin da bayan. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna hayaƙin cikin gidajen bai ragu ba yadda za a ce wa'azin ya yi aiki. Wannan ba raina mumbari ba ne. Mumbari yana buɗe kunne, yana kuma sa jama'a su daina ɗaukar taba abin burgewa. Amma nikotin ba ya jin huɗuba.

Akwai wani tsohon misali da ya fi kusa da abin da muke nufi. A wajejen 1959, wani likita, Wayne McFarland, da wani fasto, Elman Folkenberg, na ikilisiyar Adventist a Amurka, suka haɗa kai suka tsara shirin kwana biyar na barin taba. Kowace yamma likita ya yi bayanin abin da ke faruwa a jiki, fasto ya yi magana a kan niyya da juriya, sa'an nan a haɗa kowane mutum da abokin da zai riƙa tuntuɓarsa. Shirin ya bazu ƙasashe da yawa tun kafin a sami magungunan da muke da su yau. Hanyoyin jinya sun ci gaba tun daga lokacin, amma haɗin nan na likita da malami bai tsufa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

YADDA AKE AIKIN

Da farko, a tambaya, kada a tuhuma. A ɗauka wani tsohon saje ya tsaya gaisawa bayan sallah, warin taba yana tashi daga rigarsa. In liman ya ce, "Baba, har yanzu ba ka ji tsoron Allah ka bar abin nan ba?" to ya rasa shi, gobe zai canza masallaci ko ya riƙa tauna citta kafin ya zo. Amma in ya ce, "Baba Saje, na ji tarin nan ya daɗe. Yaya barci kuwa?" mai yiwuwa ya ji an ce, "Wallahi, Allah gafarta Malam, barci sai a hankali." Daga nan ƙofa ta buɗe. Sai a bi da tambayoyi masu sauƙi: yaushe ya fara, kara nawa yake sha a rana, wane lokaci ne ya fi matsuwa, ya taɓa gwada bari? Wanda yake kunna kara cikin rabin sa'a da farkawarsa, jarabarsa ta yi ƙarfi, lalle yana bukatar magani.

Na biyu, a bar shi ya faɗi dalilinsa da bakinsa. Wani don jikokin da ke kwana ɗakinsa ne, wani don kuɗi. Mai shan kara 10 a rana yana ƙone kara 3,650 a shekara. A ba shi takarda ya buga lissafin da kansa, ya gwada da fanshonsa. Dalilin da mutum ya furta da kansa ya fi wanda aka ɗora masa zama.

Akwai wani tsoro da ya kamata a kawar masa. Da yawa suna jin in suka bar taba, damuwarsu za ta fi ƙarfinsu. Gaskiya ne makonnin farko da wuya. Ƙaiƙayin yakan kai maƙura a kwana biyu ko uku na farko, ya yi ta sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Kowane tasowar sha'awa kuma 'yan mintoci ne, sai ta lafa. Amma nazarin da aka buga a Ingila a 2014, wanda ya tattara bincike 26, ya nuna cewa waɗanda suka bari, bayan 'yan makonni damuwarsu da baƙin cikinsu sukan ragu in an gwada da waɗanda suka ci gaba. A gwajin mazan jiyan nan na 2010 ma, barin taba bai tsananta ciwon firgici ba.

Na uku, a sa rana. Soja ya san darajar ranar da aka yanke. Watan Ramadan dama ce babba, domin mashayi ya riga ya nuna wa kansa cewa yana iya wuni ba kara. Matsalar tana wurin buɗa baki, inda wasu kan jera biyu ko uku a jere, saboda haka shirin liman ya fi ƙarfi a kan abin da za a yi daga Magariba zuwa sahur. Ga Kirista akwai azumin kwana 40 kafin Ista. Akwai 31 ga Mayu, ranar da duniya ta keɓe don yaƙi da taba. Akwai kuma 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, wadda akan yi mata addu'o'i a masallatai da majami'u. Mutum yana iya ɗaukar alkawarinsa a ranar, don tunawa da abokan da ba su dawo ba. Kafin ranar, a fitar da sigari da ashana daga ɗaki, a sanar da iyali, a tanadi abin da hannu da baki za su yi: asuwaki, carbi, ruwan sha, 'yar tafiya bayan cin abinci. Kada a musanya sigari da garin taba ko shisha; gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Na huɗu, kuma wannan ne wanda aka fi sakaci da shi: a kai shi wurin likita, in da hali a raka shi da ƙafa. Cikin mutum 100 da suka gwada bari da ƙarfin zuciya kaɗai, waɗanda ke kai shekara ba su cika wuce 5 ba. Shawara haɗe da magani tana iya ninka wannan fiye da sau biyu. Akwai filastar nikotin da ake mannawa a fata, akwai cingam ɗinsa, akwai kuma ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion da cytisine, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a ƙa'idojin da ta fitar a 2024. Likita ne zai zaɓi wanda ya dace. Wani mai ibada yakan ji kamar shan magani raunin imani ne. Kalma ɗaya daga bakin limami ta isa ta warware wannan. Akwai kuma wani dalili na ganin likita da jama'a ba su cika sani ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna, irin su clozapine da olanzapine na ciwon ƙwaƙwalwa da theophylline na asma. In mutum ya bar taba, maganin yakan taru a jininsa fiye da da, sai an rage masa awo. Limami ba zai taɓa awon magani ba, amma wajibi ne ya tambaya ko mutumin yana shan wani, ya kuma tabbatar likita ya sani. Asibitocin soja, irin su na 44 a Kaduna da na 68 a Yaba, da manyan asibitocin gwamnati, su ne wuraren da za a fara tambaya.

Na biyar, a tsaya bayan faɗuwa. Yawancin waɗanda suka rabu da taba sun gwada sau da dama kafin su dace. Ga mai addini faɗuwar tana da ɗaci biyu, musamman in ya yi rantsuwa. Don haka ra'ayinmu shi ne kada limami ya sa mutum ya rantse da Littafi a kan barin taba. In ya karya, kunya za ta hana shi dawowa, a yi asarar mutum da amana gaba ɗaya. Alkawari tsakanin mutum biyu ya isa. In ya zo ya ce ya sha, a tambaye shi a ina, da wa, me ya faru a ranar, a gyara shiri, a sa wata rana. Wanda ya yi kwana 20 bai sha ba ya koyi abin da bai sani ba a da.

Sai wata 'yar magana da ba a so a faɗa. Akwai malaman addini da su kansu suke sha a ɓoye, soja kuwa hancinsa ba ya kuskure. Gara malami ya fito ya ce, "Ni ma ina fama, mu bari tare." Wannan ba zai rage masa daraja a idon mutanen da suka san abin da ake nufi da abokin rami ba.

IYALI, ƘUNGIYA DA DOKA

Matar gida ita ce za ta sha zafin makonnin farko, don haka a yi mata bayani tun da wuri cewa faɗan na ɗan lokaci ne. Ita da yara kuma su ne suka daɗe suna shaƙar hayaƙin. Dokar farko a gida ita ce ba a sha a ɗaki, ba a sha a mota.

Ƙungiyar Mazan Jiya ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 1964, tana da rassa a jihohi. Taronta wuri ne da limami zai samu mutanensa a tattare, ya haɗa masu niyya biyu-biyu. Cibiyar da ke Oshodi a Legas, inda ake koya wa sojoji sana'a gab da ritaya, ita ma wuri ne da ya dace a fara maganar, tun mutum bai koma ƙauye ya rasa abokan hira ba. Dokar ƙasa kuma tana bayan wannan aiki. Tun 1990 aka yi dokar soja mai lamba 20 da ta hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a, sa'an nan Dokar Taƙaita Taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Dattijon da ke aiken jikansa sayen sigari ya sani yana jefa mai tebur cikin laifi, yana kuma koya wa yaron hanya.

Akwai alamomin da ba a jira da su. In tsohon soja yana tari fiye da mako biyu, ko yana tofar da jini, ko yana rama ba dalili, ko muryarsa ta dishe ta ƙi washewa, a kai shi asibiti a duba tarin fuka da sauran cututtukan huhu. In ƙirjinsa ya ɗaure, ciwon yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ko bakinsa ya karkace, ko ɓarin jikinsa ya saki, a nemi mota nan take. In kuma a cikin hira ya ambaci cewa ya gaji da duniya, ko yana tunanin kashe kansa, limami ya ajiye maganar taba gefe, kada ya bar shi shi kaɗai, ya kira wani babba daga iyalinsa, su kai shi wurin likita a ranar.